Bangon da Za a Rataye Dogo

Yaya mai girma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarki, da ta maigidanki Likita, da ta 'yan biyu, waɗanda nake fatan sun daina cin takarda, ina mai gabatar miki da rahotona na farko a matsayin jakadan da kika naɗa ba tare da kin nemi shawararsa ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙugun Inna da yake nan yadda kika bar shi.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. Abin da ya hana ni shi ne, tun da aka haife ni ba ki taɓa bari na kai ƙarshen jimla ba, ni kuwa jimlolina sai can ƙarshe suke nuna amfaninsu. Takarda ba ta katse mutum. Direban motar kayan da ke bi ta unguwarku ya yarda ya riƙa miƙa miki wasiƙuna, bisa sharaɗin ba zan karanta masa su ba.

Bari in maimaita aikin da kika ɗora mini, domin tarihi. In haɗa kayan Inna, in sa ta a mota, ta iso gare ki kafin ranar da asibitinku ya tsayar don yi mata aikin ƙugu. In kuma miƙa wa ofishin hasashen yanayi makullin gidan nan nasu, tunda wa'adin da suka ba iyalan marigayi ya zo gab da cika. Kashi na farko ya tafi daidai. Tukwane sun shiga kwali, labule sun sauka, kujerar Baba ta koma gidan Kawu. Falo ya yi fayau, ban da kusurwa ɗaya. A kusurwar nan Dogo yake rataye, kuma a gabansa tattaunawa ta tsaya cik. Inna ta ce ba inda za ta je sai an sama masa bango.

Na san a ƙarƙashinsa kika girma, amma na kuma san ba ki taɓa kallonsa ba sai in za ki goge masa ƙura, don haka bari in gabatar da shi. Sunansa na takarda baromita. Ni na raɗa masa Mizanin Nauyin Sararin Samaniya, sai dai har yau ba wanda ya karɓa. Inna Dogo take ce masa. Shi ne ma'aunin da Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana karantawa kowace safiya a ofis, suka ba shi kyautarsa ranar ritaya domin an kawo musu na lantarki. Bututun gilashi ne da ya fi hannun babban mutum tsawo, yana cikin kube na tagulla, samansa a toshe, bakinsa na ƙasa a tsome cikin wani ɗan kwano mai zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi. Iskar duniya tana danna zaibar kwanon, ita kuma ta haye cikin bututun. In iska ta yi nauyi zaiba ta ƙara hawa, a sa ran gari zai washe. In ta yi sauƙi zaiba ta sauko, a je a kwashe shanya. Iyakar ilminsa ke nan, kuma bai taɓa da'awar ya san wani abu bayan wannan ba, halin da na sha jin ana yi mini fatansa.

Na isar wa Inna hukuncin Likita, cewa zaiba guba ce, kuma ba za ta shiga gidan da yara biyu suke rarrafe ba. Ni kaina na goyi bayan hukuncin, domin na ga abin da suka yi wa rediyonki. Inna ma ba ta yi musu ba, ta ce surukinta ya yi gaskiya. Sai na kawo shawarar a kai Dogo a tsiyaye zaibar, ta tafi da gangar jikin. Ta dube ni tun daga ƙasa har sama, ta ce in aka cire masa zaiba ai ya zama sanda, ita kuwa tana da sanda.

Ga sharuɗɗan bangon da ta gindaya. Kada rana ta taɓa shi. Kada ya haɗa baya da kicin. Ya kasance a miƙe sak, ba mai ciki ba, kuma ba kusa da ƙofar da ake bugawa ba. Na ƙarshe, a sami mutumin da zai karanta Dogo kowace safiya. Na ce mata garin nan cike yake da bango, ta saki ranta.

Game da tambayarki ta inda ni zan zauna bayan an miƙa makulli, kada wannan ya hana ki barci. Na tsara wani shiri mai suna rangadi. Ina da abokai masu doguwar kujera a falo, zan riƙa karrama su da ziyara ɗaya bayan ɗaya har zuwa lokacin da ɗaya daga cikin ma'aikatun da na rubuta wa za ta gane asarar da take yi. Na karanta wa Inna shirin. Ta ci gaba da ninke zanen da ke hannunta.

Ki gaishe da Likita da kyau, ki sumbaci 'yan biyu in sun tsaya.

Ƙaninki mai biyayya gwargwadon hali,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma murar da kika ce ta kama ɗaya daga cikin 'yan biyu ba ta riga ta tsallaka kan ɗayan ba, ko da yake na san ba sa cin komai su kaɗai. Inna tana gaishe ku.

Kafin in shiga labarin bango, ki sani an sa ni makaranta. Inna ta ce wanda zai nema wa Dogo masauki dole ya san wanda yake nema wa. Tsayuwa ta yi mata wuya yanzu, don haka takan zauna a kan kwalin tukwane da safe, ta nuna da sandarta, ni kuma in aiwatar.

Ashe kowane sashe nasa da sunansa. Sunayen ofis na baƙon harshe ne, Baba ya ce suna yi masa nauyi a baki kafin karin kumallo, sai ya yi musu na gida, kuma su Inna ta riƙe. Kwanon ƙasa shi ne tukunya. Gindinta ba ƙarfe ba ne, jakar fata ce mai laushi, ita ce salka, kuma akwai ƙusa mai murɗi a ƙarƙashinta. Daga rufin tukunyar wani ɗan tsinke fari ya zuro kansa ƙasa, shi ne haƙori. Aikin farko shi ne mutum ya murɗa ƙusar a hankali, salka ta tura zaiba sama, yana kallon hoton haƙorin a fuskar zaibar, har haƙori da hotonsa su haɗa baki. Daga nan sai ya ɗan ƙwanƙwasa kuben da farce, ya ɗaga ido zuwa inda zaibar ta tsaya a bututu. Kanta ba a baje yake ba, a tudu yake, shi ne doro. Sai ya sauko da wani ɗan ƙarfe mai zamewa har ya shafi ƙololuwar doron, ya karanta lambar da ke gefe.

Tsakanin doro da toshiyar sama akwai wani fili da ba komai a cikinsa, ko iska. Baba ɗakin babu yake ce masa, kuma duk gaskiyar Dogo a kansa ta dogara, domin in iska ta kutsa ciki ko da ƙwayar gero ce, sai ya fara ƙarya. Da na ji haka sai na gyara tsayuwa, na fara jawabi a kan yadda rashi yake riƙe da samu. Inna ta ce in matsa baya, numfashina yana ɗumama shi.

Yanzu ga bango.

Na fara da ofishin Baba. Shugabar sashen, wadda Baba ne ya koya mata aiki, ta karɓe ni da mutunci, har ta sa aka kawo mini shayi. Ta ce da a son ranta ne da ta rataye shi a bayan kujerarta, amma dokar aikinsu ta yanzu ta hana ajiye zaiba, nasu ma duk sun tafi. Abin da za ta iya shi ne ta haɗa mu da masu tsiyayewa cikin tsari. Na kawo wa Inna saƙon. Ta ɗaga sandarta ta nuna mini.

Na biyu makarantar sakandaren da ke bayan tasha. Malamin kimiyya ya yi murna har ya riƙe hannuna biyu. Wannan karon Inna ta ce da idonta za ta gani, muka ɗauki tasi. Ta fito da zare daga jakarta, ta ɗaura makulli a bakinsa, ta sa na riƙe a jikin bangon don ta ga ko a miƙe yake. Bango ya ci jarrabawa. Sai ta tambayi malamin ina rana take faɗowa da la'asar, ya nuna ɗaya gefen. Na fara murmushin nasara. Ta tambaye shi wa zai karanta Dogo in an yi dogon hutu. Yana cikin neman amsa sai ƙwallo ta daki tagar ɗakin. Muka yi sallama.

Na uku Kawu. Ya ce a kawo, zai yi kyau a saman talabijin, dama ya daɗe yana son abin auna zafi. Inna ba ta gyara masa ba, yayanta ne. Ta dai ɗora tafin hannunta a bangon, ta yi jim, ta ce a bayan nan ana tafasa ruwa. Aka leƙa, ana tafasawa.

A hanyar dawowa sai da direban tasi ya sa hannu ya ɗaga mata ƙafa kafin ta shiga mota. Ta yi masa godiya tana kallon wani wuri. Ni ma na kalli wani wurin. Ina shaida miki wannan ne a matsayin bayani, ba don in tayar miki da hankali ba.

Saura bango ɗaya a lissafina, kuma ina da yaƙini a kansa.

Naki,
Auta, mai nazarin gine-gine

*

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Na sami kiranki na jiya, ko in ce kiranki ya same ni. Na fahimci cewa in Inna ta kuskure ranar da aka sa mata, asibiti zai mayar da ita ƙarshen layi, kuma layin dogo ne. Na fahimci cewa ke ce za ki ji da ita in ƙafar ta ƙi gaba ɗaya. Sauran abubuwan da kika faɗa game da ni na ɗauke su a matsayin addu'a.

Kin tuna Mai Agogo, abokin Baba, wanda yake da shago a layin masu ɗinki, shi ne yake zuwa ya goge wa Dogo tagulla? Shi ne yaƙinin nawa. Bangon shagonsa na ciki tsohon gini ne mai kauri, rana ba ta san da shi ba, agogo ne jere a jikinsa kowanne yana faɗar ra'ayinsa. Ya ce zai sauke guda biyu ya ba Dogo wuri, kuma shi da kansa zai riƙa karantawa, tunda ya iya.

Na kai Inna. Zare ya sauka sak. Tafin hannu ya ji sanyi. Ƙofar shagon labule ce, ba ta buguwa. Na tsaya ina auna wurin da taku da kamu, su kuma suna hira a bayana. Ta sha shayinta har ƙasa, ta ajiye kofi, ta ce za ta yi tunani.

Ba zan ɓoye miki ba, a cikin tasi ban yi mata magana ba, kuma wannan shi ne shiru mafi tsawo a tarihina. Washegari na koma shagon don in ba dattijon haƙuri. Na tarar da shi ya manna gilashi a ido yana fama da wani ɗan batir da ya ƙi shiga mazauninsa, matar da ta kawo agogon kuma tana tsaye tana buga ƙafa. Na karɓa na sa mata. Da ta tafi ya ce, "Ɗan malam, jiya da kake ta awon bango, ka ji abin da mahaifiyarka take tambayata?"

Na ce hankalina yana kan aiki.

Ya ce, "Ba ta ambaci Dogo ko sau ɗaya ba. Ta tambaye ni ɗakin sama har yanzu ba kowa? Rufin yana yoyo? Tagar tana rufuwa? Sai kuma ta ce, wai na sami wanda zai tsaya mini a kantar shagon, tunda ido ya fara yi mini rowa?"

Na ce to me ya ce mata.

"Na ce bangon sama da na ƙasa gini ɗaya ne."

Ya koma kan aikinsa. Ni kuma, don kawai binciken ya cika, na hau benen. Ɗaki ne ƙarami mai warin man inji, cike da kwalayen agogon da masu su ba su dawo ba. Taga ɗaya ce, tana kallon lungu. Na kwance igiyar takalmina, na ɗaura makullin gidanmu, na jingina da bangon da ke nesa da tagar. Na so ƙwarai in same shi da laifi, Yaya. Na gwada wuri uku.

Na daɗe zaune a kan matakala. Kin san ni mutum ne da ya yi karatun adabi, kuma a cikin duk hotunan da na zana wa kaina na gaba, babu wanda nake tsaye a bayan kanta ina huda wa mutane madaurin agogo. Na auna wannan da doguwar kujerar abokaina, waɗanda, in za a faɗi gaskiya, tun da na sanar da su shirin rangadi wayoyinsu suka fara samun matsala. Na kuma auna shi da hannun direban nan a ƙarƙashin ƙafar Inna.

Da na koma gida na same ta a kan kwalin tukwane, tana ninke zanen nan dai da take ninkewa tun farkon watan. Na ce, "Inna, bangon sama fa?"

Ta ce, "Wane sama?"

"Na shagon Mai Agogo."

"Ban gan shi ba. Ƙafata ba ta hawa bene."

Na ce na gwada shi da kaina, a miƙe yake, ba rana, ba kicin. Ta tambayi wa zai karanta. Na ce jakada. Ta ce, "Jakadan yana tashi da safe?" Na ce za a shigar da wannan cikin yarjejeniya.

Ba ta ce ta yarda ba. Ta ce a rataye shi tukuna, in ya isa da ransa, sai a yi maganar mota. Don haka kada ki turo kowa sai kin ji daga gare ni.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma roƙon ki zauna kafin ki karanta, ba don labarin yana da muni ba, sai don na sha wahalar rubuta shi kuma ina son a ba shi haƙƙinsa.

Dogo ba ya tafiya a tsaye, ba ya tafiya a kwance, kuma ba ya shiga mota. In ya yi tafiya a tsaye, zaibar za ta yi ta tsalle har ta fasa kan bututun, ko iska ta sami hanyar ɗakin babu. A kife ake ɗaukarsa, tukunya a sama. Mai Agogo ya zo da safe ya tsaya a kaina. Na murɗa ƙusar har salka ta tura zaiba ta cika bututun, muka sauke shi daga ƙusar bango, na kwantar da shi sannu a hankali kamar mai sauke jariri mai barci, na ci gaba da juyawa har ƙasa ta koma sama. Inda ya bari a bango fenti ne sabo fil, dogon zane ɗaya. Inna ta dube shi, ta ce a tafi.

Haka muka fito. Ni a gaba, rungume da shi a ƙirji, ina tafiyar da ba ta girgiza kafaɗa. Mai Agogo a gefena yana kore masu keke da hannu. Inna a baya cikin tasi, direba yana binmu da tafiyar da ya ce tun da ya fara tuƙi bai taɓa yin irinta ba. Masu shago suka fito ƙofa. Wani mai gyaran takalmi ya tambaya ko bindiga ce, wata mai sayar da lemo ta ce a'a, sandar girma ce aka ba yaron Inna, Allah ya sanya alheri. Na amsa da kai kawai, domin an hana ni magana, wai in na yi magana hannuna yana motsi.

A shago aka sa wa Inna kujera a gindin matakala. Na hau ni kaɗai. Na juya Dogo ya koma daidai, na rataye shi, na sassauta ƙusar har zaiba ta sauko ta bar ɗakin babu a buɗe. A ido lafiyarsa ƙalau. Amma ido ba ya ganin iska, kuma hanyar sani ɗaya ce. Mutum ya karkata shi a hankali har zaibar ta gangara ta bugi toshiyar sama. In ba iska, za a ji ƙara siririya mai kaifi, kamar an taɓa cokali da gilashi. In iska ta shiga, za ta tare bugun, a ji shi a dushe, ko kada a ji komai.

Na leƙo na ce zan gwada in faɗa mata. Ta ce ba faɗa take so ba, ji take so. Na ce Inna, shagon nan agogo nawa ne suke kaɗawa, ko tari na yi ba za ki ji ba.

Mai Agogo ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya tashi ya bi bango, yana buɗe murfin kowane agogo yana tsayar da shi da yatsa. Na ji ƙarar tana raguwa ɗaya bayan ɗaya, har aka bar wani ƙarami a kan kanta, ya ɗauke shi ya sa a aljihun tebur ya rufe. Ban taɓa sanin shagon nan yana da shiru ba. Har keken ɗinkin maƙwabta ana ji.

Na cire Dogo daga ƙusa, na matso bakin matakala. Na tuna wani rami da na taka a gaban shagon mai lemo. Na karkata shi. Zaibar ta taho a hankali, tana cinye ɗakin babu kaɗan kaɗan, ta yi kamar za ta tsaya, sai ta ƙarasa.

Ƙas.

Daga inda nake ina hango saman ɗankwalinta kawai da hannunta a kan sanda. Can ta ce, "Sake." Na sake. Ya sake bugawa, tsaf kamar na farko.

Ta ce, "To." Sai ta juya wajen Mai Agogo ta ce ya tayar da agogunansa kada su yi fushi, ta kuma roƙe shi ya riƙa duba ko ina cin abinci, domin in aka bar ni da magana zan ƙoshi. Daga nan ta ɗaga murya ta ce in gaya wa Yayata ta turo mota.

Na gaya miki ke nan. Kayanta a ɗaure suke, har zanen nan ya shiga akwati. Gobe zan kai makulli ofis.

Naki har kullum,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode wa Allah da jin an yi aiki lafiya, kuma har ta fara taka ƙafar tana faɗa da ma'aikatan jinya a kan yadda suke ninke bargo. Ki miƙa godiyata ga Likita. Ki kuma ɓoye sandarta daga 'yan biyu.

Ni ina nan a kan muƙamina na Babban Mai Lura da Nauyin Iska, wanda nake haɗawa da huda madauri da sa batir. Mai Agogo ya ce ina da hannu, bakin ne dai ya yi yawa, amma ya lura masu jira ba sa buga ƙafa in ina yi musu bayani. Ma'aikatun da na rubuta wa har yanzu suna nazari.

Yarjejeniya tana aiki. Kowace safiya nakan haɗa haƙori da hotonsa, in ƙwanƙwasa, in shafi doro, sannan in kira Inna in karanta mata lamba. Takan ce madalla. Daga nan ta tambaya ko na karya, ko tagar tana rufuwa, ko rigar da ke jikina wankakkiya ce.

Na ga abin da kika rubuto a bayan ambulan, cewa ba ta rubuta lambobin a ko'ina, ba ta ma neman biro, kuma rannan da kika tambaye ta nawa na ce, ta ce ita ina ta sani. Na yi nazarin wannan bayani da idon basira. Na yanke shawarar ci gaba da watsa rahoton ba fashi, saboda kimiyya. Ina roƙon kada ki gaya mata na sani.

Ki tabbata wayarta tana da caji kafin ku kwanta. Yau zaiba ta ɗan hau, kuna iya yin shanya.

Ƙaninki,
Auta, na saman shagon Mai Agogo